Darasin Gyaran Babur: Yadda Ake Daidaita Nauyin Ƙafa

Babur shi ne jakin wannan zamani. Da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Amma sau da yawa bayan an sa sabuwar taya ko an yi faci, sai a ji kan babur yana karkarwa in an ƙara gudu. Dalili shi ne wani gefen ƙafar ya fi wani nauyi. Wannan yana cinye taya, yana kashe boris, yana kuma iya kayar da mutum.

Kafin a fara, sai a kankare busasshen taɓo daga rim. A duba boris, a ɗaure sifokon da ya yi sako-sako, a tabbata rim bai lanƙwashe ba. Ƙafar da ta lanƙwashe, miƙewa take bukata tukuna.

Ga yadda bakanike yake yi:

1. Ya kwance ƙafar, ya zura ƙarfen tsakiyarta, ya ɗora bakinsa biyu a kan bulo biyu masu tsawo ɗaya, yadda taya ba za ta taɓa ƙasa ba.

2. Ya juya ta a hankali, ya bar ta ta tsaya da kanta. Gefe mai nauyi kullum ƙasa yake komawa. Ya sa alama a wurin da alli.

3. Ya maimaita sau 3. In alamar tana dawowa ƙasa, an gano gefe mai nauyi.

4. Ya naɗa 'yar wayar dalma a sifokon da yake can sama, daura da alamar, kusa da rim. A fara da kaɗan, kamar giram 5.

5. Ya juyo alamar zuwa gefe, ya saki. In ta gangara ƙasa, a ƙara dalma. In ta haura sama, a rage. In ta tsaya cik, aiki ya yi.

Wasu tayoyin suna da ɗigon fenti a gefe. Nan ne wuri mafi rashin nauyi, don haka a saita shi da bawul.

Gargaɗi: dalma guba ce. A wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma a bar gutsurenta inda yara suke wasa.

Tambaya ga 'yan aji: in alamar alli ta haura sama, me za a yi?