Bayan An Rufe Mahaƙar Kwal, Wa Ke Duba Ruwan Rijiya?

A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal domin jigilarsa. Shekaru masu yawa da wannan kwal jiragen ƙasan Najeriya ke tafiya. Yau mahaƙun Onyeama da Okpara sun yi shiru, ma'aikata sun watse, injina sun yi tsatsa. Ruwa kuwa bai daina aikinsa ba: har yanzu yana tsattsafowa daga tsofaffin ramuka, yana gangarawa rafukan yankin irin su Ekulu.

Masu sana'ar auna ruwan ƙarƙashin ƙasa sun san cewa ranar da aka kashe famfo na ƙarshe ce sabuwar matsala ke farawa. A Inugu, shimfiɗar kwal tana ƙarƙashin dutsen yashi na Ajali, wanda shi ne babban ma'ajin ruwan yankin. Muddin ana haƙa, dole injina su riƙa zuƙe ruwa dare da rana. Da zarar sun tsaya, sai ramukan su fara cika sannu a hankali, wani lokaci tsawon shekaru, har ruwan ya sami mafita.

Abin da ke lalata shi wani ma'adini ne mai suna fayirayit, haɗin ƙarfe da farar wuta, da ake yawan samu tare da kwal. Yana binne ba ya cutar da kowa. Amma idan haƙa ta buɗe shi ya gamu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid. Asid ɗin ya narkar da ƙarfe da manganis da alminiyam daga cikin duwatsu, ruwa ya kwashe su ya bi tsagogin ƙasa zuwa rijiyoyi da maɓuɓɓuga.

Tambayar da aka fi yi wa ma'aikacin auna ruwa a bakin rijiya ita ce: "Malam, ai ruwan garau yake, me kuma za a auna?" Amsarsa ba ta buƙatar dogon bayani. Sai ya cika farin bokiti ya ajiye a inuwa. Kafin ya gama harhaɗa kayan aikinsa ruwan ya fara sauya launi, zuwa yamma kuma jan laka ya kwanta a gindin bokitin. Ƙarfen da ke narke ne ya sha iska ya zama tsatsa. Matan gida sun riga kowa sanin wannan ruwa: shi ne ke ɓata farin yadi, ya mayar da shayi baƙi ƙirin, ya cinye bututun famfo.

Aikin sa ido yana da tsari. Ana zaɓar rijiyoyi a ɓangaren da ruwan ƙasa ke fitowa kafin ya ratsa mahaƙa, da wasu a ɓangaren da yake gangarawa bayan ya ratsa ta, domin a kwatanta. Ma'aikaci zai zura igiyar awo mai na'ura a baki, wadda ke ƙara da zarar ta taɓa ruwa. Zurfin ruwa a rijiyoyi uku ko fiye shi ke nuna masa inda ruwan ya dosa. Daga nan ya zuƙe ruwan da ya daɗe kwance a bututu, yawanci ninki uku na abin da rijiyar ke ɗauka, kafin ya ɗebi samfuri. A nan take yake auna tsami da zafi da yawan gishirin da ke narke, domin waɗannan suna sauyawa a hanya. Kwalbar da za a binciki ƙarafa a cikinta ana tace ruwanta, a ɗiga mata asid kaɗan don kada ƙarfen ya kwanta, a rubuta rana da wuri, a saka ta cikin ƙanƙara sai ɗakin gwaje-gwaje.

Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta ce ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, dalma kuma 0.01. Ruwan da ke fita daga tsohuwar mahaƙa yana iya faɗuwa ƙasa da 4.

Sai dai gwaji ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Da rani gishirin asid yana bushewa a kan tarin ɓaraguzan mahaƙa, ruwan farko na damina ya wanke shi gaba ɗaya zuwa cikin ƙasa. Rijiyar da ta ci jarrabawa a watan Fabrairu tana iya faɗuwa a Yuni. Shi ya sa ake komawa rijiyoyin nan dai, rani da damina, shekara da shekara, ana tara sakamakon a kundi ɗaya.

Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da ƙarafa. Alif yana kwantar da laka, ba ya rage tsami. Maganin yana tushe: a bi da ruwan mahaƙa ta cikin dutsen farar ƙasa, a tara shi a tafkuna ƙarfen ya kwanta, sannan a sake shi. A yankin Ruhr na Jamus, an rufe mahaƙa ta ƙarshe a Disambar 2018, amma har yanzu ana zuƙar ruwan ramukan, kuma an ware wa aikin asusu na dindindin.

Wannan darasi ya shafi wuraren da ake haƙar kwal a yanzu, kamar Maiganga a jihar Gombe, Okaba a Kogi, da Anou Araren a jihar Agadas ta Nijar. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi nauyin gyara ƙasar da ya haƙa, amma da wuya a tabbatar da ɓarna idan babu sakamakon da ya nuna yadda rijiya take tun farko. Dagatai da kwamitocin ruwa na irin waɗannan garuruwa su nemi a auna rijiyoyinsu tun injina na aiki, su karɓi kwafin kowane sakamako a rubuce, kuma su tambayi wanda zai ci gaba da biyan kuɗin gwajin bayan kamfani ya tattara kayansa.