Darasi: Yadda Ake Ɗaure Ƙarfen Haɗa Roba Don a Sake Amfani da Shi

Murfin wayarka, rigar wayar caja da gam ɗin da ke riƙe da sikirin duk dangin roba ne. Yau za mu ga yadda masana ke sarrafa haɗa irin wannan roba, da dabarar da ke hana ƙarfen da ake aikin da shi salwanta.

Mene ne polima?

Polima doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari da ake kira monoma, kamar 'ya'yan carbi a zare. Ledar fiya wata ma polima ce. A tsohuwar hanyar haɗa su, akwai wata ƙwaya mai zafin nama da ake kira radikal. Ita ke kama monoma ɗaya bayan ɗaya cikin gaggawa, sannan ta mutu cikin kamar daƙiƙa guda. Sakamakon haka sai a samu wasu sarƙoƙin dogaye, wasu gajeru. Wannan ya wadatar ga leda, amma kayan aiki masu tsada suna buƙatar sarƙoƙi masu tsawo kusan ɗaya.

Dabarar ATRP

A shekarar 1995, Krzysztof Matyjaszewski na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka da Mitsuo Sawamoto na Jami'ar Kyoto a Japan, kowa ta nasa ɓangaren, suka fito da hanyar da ake kira ATRP. Sirrinta katalis ne, wato sinadarin da ke tafiyar da haɗuwar ba tare da ya ƙare ba. Matyjaszewski ya yi amfani da jan ƙarfe.

Duk wanda ya san noman rani a Auyo ya san rabon ruwa: a buɗe wa wannan fangali, a toshe, a koma na gaba, har kowa ya sha daidai. Haka jan ƙarfen yake yi. Yana farkar da sarƙa ta kama monoma kaɗan, ya mayar da ita barci, ya koma kan wata. Da haka duk suke girma tare.

Ina matsalar take?

A farkon ATRP, jan ƙarfen narkewa yake yi a cikin haɗin kamar sukari a shayi, kuma da yawa ake zubawa. Idan aka gama, robar kan fito kore ko shuɗiya. Ragowar ƙarfe irin wannan ba a son sa a kayan lantarki ko na asibiti, cire shi kuma yana cin kuɗi.

Abin da aka wanko ma dole ya tafi wani wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar jan ƙarfe a ruwan sha miligiram 2 a kowace lita, amma ƙasa da haka sosai yana cutar da kifi. Kogin Haɗejiya daga yankin Kano yake gangarowa, ya ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, inda masunta da manoman shinkafa ke neman abinci. Abin da masana'anta ta zubar a sama, na ƙasa ne ke kwasar sa.

Maganin: a ɗaure ƙarfen

Wajajen 1999 zuwa 2000, masana irin su David Haddleton na Jami'ar Warwick a Ingila da Shiping Zhu na Jami'ar McMaster a Kanada suka gwada manna katalis ɗin a jikin abu daskararre, musamman silika, sinadarin da ke cikin yashi. Ya zama kamar ganyen shayi na ƙulli: ya yi aiki, a tsamo shi. Ana tace shi a sake zubawa a wani haɗin. Daga baya wasu suka manna shi a jikin garin ƙarfe mai bin maganaɗisu, ta yadda za a janyo shi ba sai an tace ba.

Sai dai akwai cikas guda uku:

1. Ƙarfen da aka ɗaure ba ya yawo, don haka yakan makara wajen mayar da sarƙa barci, tsawon sarƙoƙin ya bambanta.
2. Kaɗan daga cikinsa yakan kuɓuce ya narke.
3. Ƙarfinsa yana raguwa bayan kowane zagaye, sai an farfaɗo da shi.

Don gyara na farko, akan ƙara ɗan katalis mai narkewa ya riƙa kai-komo tsakanin daskararren da sarƙoƙin. A 2006 kuma aka fito da hanyar ARGET, wadda ta rage jan ƙarfen zuwa kashi 50 cikin miliyan ko ƙasa da haka, ana farfaɗo da shi da abubuwa irin su bitamin C. Wasu ma zaren jan ƙarfe suke tsomawa, su cire, su wanke, su sake amfani da shi.

Ga ɗaliban kimiyyar sinadarai, tambayoyi uku za ku yi wa kowane katalis: sau nawa za a sake amfani da shi, ƙarfe nawa ya rage a robar, kuma tsawon sarƙoƙin ya daidaita? Mu haɗu a darasi na gaba.