Giwa da Ɓera a Masana'antar Wasannin Bidiyo

A shekarar 1985 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasan Super Mario Bros. Mutane ƙalilan ne suka tsara shi, kuma girmansa duka bai wuce kilobayit 40 ba, wato hoto guda da aka ɗauka da wayar hannu ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. A 2020 kuma kamfanin Sony ya fitar da The Last of Us Part II. Wata takardar kamfanin da ta fito fili lokacin wata shari'a a Amurka a 2023 ta nuna cewa wasan ya laƙume dala miliyan 220, an kuma shafe watanni 70 ana aikinsa.

To, ina kuɗin suke tafiya? Mafi yawansu albashi ne. Duk lokacin da na'ura ta ƙara ƙarfi, sai masu saye su buƙaci hoto mai kama da zahiri. Gashin kai, ganyen itace, inuwa, har motsin leɓe, kowanne sai gwani ya zauna ya tsara shi. Ɗaruruwan irin waɗannan gwanaye ake biya shekara biyar ko shida kafin a sayar da kwafi ɗaya. Farashin babban wasa a Amurka kuwa ya daɗe a kan dala 60, sai a 2020 ya fara hawa 70.

Ɗalibin kimiyyar halittu zai gane abin da ke faruwa idan ya tuna da giwa da ɓera. Giwa takan ɗauki ciki wata 22 ta haifi ɗa guda, don haka mutuwarsa babbar asara ce ga garke. Ɓera kuwa cikin mako uku ta haifi 'ya'ya da yawa, ko wasu sun mutu zuri'a ba ta yankewa. Manyan kamfanoni sun koma haihuwar giwa. Wanda ya zuba dukiya mai yawa a kan wasa ɗaya ba ya son kasada, shi ya sa ake ta maimaita tsofaffin wasanni da suka karɓu, kashi na biyu, na uku, na huɗu, sabuwar basira kuwa tana jiran layi.

Duk da wannan taka-tsantsan, ɗan giwa yakan mutu. Sony ya fitar da Concord ranar 23 ga Agusta 2024, ya janye shi bayan mako biyu saboda rashin masu saye, ya mayar wa mutane kuɗinsu, sannan ya rufe Firewalk, reshen da ya tsara shi. Ma'aikata ne kan kwana a ciki. A farkon wannan shekarar ta 2024 Microsoft ya sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninsa, Sony kuma kimanin 900.

Ɓangaren ɓera ma da nasa labarin. Wani Ba'amurke, Eric Barone, shi kaɗai ya tsara Stardew Valley, wasan noma da kiwo da ya fito a 2016, kuma zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi fiye da miliyan 40. Sai dai kada wannan ya ruɗi mai karatu: a 2024 kaɗai wasanni fiye da 15,000 ne suka fito a kasuwar intanet ta Steam, kuma akasarinsu sun ɓace ba tare da an ko ji ɗuriyarsu ba.