Amsoshin Tambayoyinku: Robar Kare Haƙora da Daddare

Wannan tambaya ta fito ne daga Maman Ummi a Gusau. Ta ce maigidanta yana tauna haƙora cikin barci, ƙararas-ƙararas, har ya hana ta runtsawa. An ba su shawarar ya riƙa sa robar kare haƙora. Shin robar tana da illa?

To, Maman Ummi, mun gode, Allah ya ba maigida lafiya.

Ita robar kare haƙora ba ta hana taunar. Aikinta kawai ta shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa don kada su cinye juna. Inda ake samun matsala shi ne robar da aka saya haka kawai ba tare da awo ba. Idan ba ta zauna daidai ba, sannu a hankali takan ture haƙora daga mazauninsu, mutum ya tashi da safe muƙamuƙi na ciwo, ya rufe baki ya ji haƙoran ba su haɗu kamar da ba. Mai laushi sosai ma takan sa wasu su ƙara taunar, kamar an ba su cingam.

Sai tsabta. A wanke ta kowace safiya da buroshi da ruwan sanyi, don ruwan zafi na lanƙwasa ta, a bari ta bushe.

In maigida yana munshari mai ƙarfi, numfashi na ɗaukewa, a fara gaya wa likita, domin robar na iya ƙara matsalar. Ya je wurin likitan haƙori ya auna bakinsa. Goro, kofi da taba kuwa, a rage su da yamma.