Wa Ke da Ikon Rushe Ginin Tarihi?

Darasinmu na wannan mako a kan tsofaffin gine-gine ne. Idan hukuma ta ayyana gini a matsayin na tarihi, shin mai shi zai iya rushe shi? Amsar ta danganta da dokar wurin. Bari mu kwatanta ƙasashe huɗu.

Amurka: Akwai rajistar ƙasa ta wuraren tarihi, amma shiga cikinta kaɗai ba ya hana mutum rushe gininsa da kuɗinsa. Dokar kowane birni ce ke hanawa. A New York an fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963. Jama'a suka fusata, sai birnin ya kafa dokar kare gine-gine a 1965. Daga nan ba a rushe ginin da aka ayyana sai da izinin hukumar birnin. A 1978 Kotun Ƙoli ta goyi bayan birnin da ya hana a ɗora dogon bene a kan tashar Grand Central.

Ingila: An kasa gine-ginen tarihi mataki uku gwargwadon darajarsu. A ƙarƙashin dokar 1990, sai mutum ya nemi izinin ƙaramar hukuma kafin ya rushe irin wannan gini ko ya sauya masa kama. Wanda ya yi gaban kansa zai iya shan ɗaurin shekara 2 ko tara marar iyaka.

Faransa: Dokar 1913 ce ta kafa tsarin kare gine-ginen tarihi. A 1943 aka faɗaɗa kariyar zuwa mita 500 kewaye da ginin. Ke nan ko maƙwabci ne zai yi gini ko rusau a wurin, sai masanin gine-gine na gwamnati ya duba.

Najeriya: Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da wannan alhaki, kuma doka ta hana rushe ginin da aka ayyana ba da izininta ba. Duk da haka, gidan Ilojo Bar da ke Legas, wanda aka ayyana tun 1956, an rushe shi ranar 11 ga Satumba, 2016. A Kano ma, ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye sassa da dama na badala.

Me muka koya? Rubuta sunan gini a takarda bai isa ya kare shi ba. Sai an san wanda ke ba da izini, an tanadi hukunci mai tsanani, kuma akwai masu sa ido a kusa da ginin. Shi ma mai gini yana da hakki, domin gyaran tsohon gini yana cin kuɗi. Shi ya sa dokar New York ta ba shi damar kai kuka idan riƙe ginin ya zame masa asara.

Aikin gida: Wane tsohon gini ne a garinmu? Wa ke kula da shi? Mu tambayi dattawa, mu rubuto abin da muka samo domin fitowa ta gaba.