Darasi: Ƙananan Halittun da Ke Wanke Mana Ruwa

Garin Garwa yana bakin kogin Binuwai. Duk ruwan da muka yi wanka da shi, ko wanki, ko wanke-wanke, sai ya bi kwatami ya gangara. Wani ƙasa ta shanye shi, wani ya kai kogi. Kogin kuwa ba namu ba ne mu kaɗai. Daga Garwa yana shiga Najeriya, ya wuce Yola da Makurɗi, har ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja. Abin da muka zuba a nan, wasu ne za su sha a can.

Akwai hanyar tsabtace ƙazamin ruwa kafin a sake shi. Ana tara shi a manyan tankuna ko tafkuna da aka gina, a bar waɗansu ƙananan halittu su cinye dattin da ke ciki. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Wasu cikinsu na sa cuta, kamar mai kawo kwalara, amma da yawansu masu amfani ne. A shekarar 1914, a birnin Manchesta na Ingila, wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka nuna cewa idan ana hura iska cikin ƙazamin ruwa, ana kuma mayar da lakar da ta kwanta cikin tanki, halittun nan suna gama aikin cikin sa'o'i. Har yau da wannan dabara ake aiki a birane da yawa na duniya.

To, mai aiki sai da ci. Abinci uku halittun nan suke bukata, kamar yadda akushi ke bukatar tuwo da miya da ɗan gishiri. Na farko shi ne kabon, wanda ke cikin ragowar abinci, mai, sukari da bayan gida. Shi ne mafi yawa. Na biyu naitirojin, wanda ke cikin fitsari da jini. Na uku fosfaras, wanda ke cikin bayan gida da wasu sabulan gari. Masu wannan aiki suna riƙe da lissafi guda: 100, 5, 1. Wato idan dattin da za a cinye ya kai kilo 100, ana son naitirojin kilo 5, fosfaras kilo 1.

Manomin auduga ba baƙon waɗannan sinadarai ba ne. Naitirojin da fosfaras suna cikin takin zamani da yake zuba wa gonarsa.

Ruwan gidaje yakan zo da naitirojin da fosfaras fiye da bukata. Matsala ta fi fitowa a ruwan masana'antu. Garwa gari ne na masana'antu: nan hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, wadda aka kafa a 1974, da injin tatsar man auduga, ga masaƙar Cicam, ga mayanka. Ko'ina a duniya, ruwan da ke fita daga wurin tatsar mai ko yin lemo yakan cika da kabon, naitirojin kaɗan. Ruwan mayanka kuwa jini ya yi masa yawa, don haka naitirojin ya wuce kima.

Idan naitirojin ya yi ƙaranci, halittun ba sa hayayyafa yadda ya kamata. Sai laka ta yi yauƙi, kumfa ya taso, waɗansu halittu masu kama da zare su yi yawa. Lakar ta ƙi kwanciya, ta bi ruwan da ake saki zuwa waje. Maganinsa a ƙara takin yuriya, amma da awo. Cikin kowane kilo 100 na yuriya, kilo 46 ne naitirojin. Saboda haka wanda ke neman kilo 5 zai auna yuriya wajen kilo 11. A nan ne iya lissafi yake da rana. Ma'aikacin da ke zuba taki da ka, ba tare da ma'auni ba, yana ɓarnar kuɗi, yana kuma ɓata kogi.

Me ya sa muka ce yana ɓata kogi? Domin abin da halittun suka ci suka rage zai fita tare da ruwa. Can a kogi ko kududdufi sai ya zama taki. Gansakuka da kainuwa su rufe fuskar ruwa. Idan suka mutu suka ruɓe, sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya mutu. Wannan ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ruwa ya ja baya. Masunta na Binuwai da na madatsar Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982, da kifi suke ciyar da iyalansu. Asarar kifi ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu.

A wurin tsabtace ruwa, ma'aikaci nagari kullum yakan ɗebi lita guda daga tanki ya zuba a kwalba, ya jira minti 30. Idan laka ta kwanta ƙasa, launinta ruwan ƙasa, ruwan sama ya yi garau, aiki na tafiya daidai. Idan ta yi baƙi tana wari, iska ce ta yi kaɗan, sai a duba injin hura iska. Sai ya rubuta abin da ya gani a littafi, da kwanan wata.

Yawancinmu masai muke amfani da shi a gida, kuma ruɓewar da ke faruwa a cikinsa aikin irin halittun nan ne. Baƙin mai, fetur da maganin feshi na gona suna kashe su, sai ramin ya cika da wuri. Kada ku zuba waɗannan a masai ko kwatami. Idan za ku haƙa sabon masai, ku nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kuma ya kasance a gangare, rijiya tana sama da shi.