Idan babban yatsa ya kasa kai wa saman allo

Tun da WhatsApp ya sauko da madannansa daga sama zuwa ƙasan allo a wayoyin Android cikin 2024, ƙorafin da masu karatu ke aiko mini kusan iri ɗaya ne: an taɓa musu abin da hannunsu ya saba da shi, kuma babu wanda ya tambaye su. Suna da gaskiyarsu. Amma kafin a yi fushi, a san dalilin sauyin.

Waya ce ta girma ta bar hannu a baya. iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, allonta inci 3.5 ne. Yau yawancin Tecno da Infinix da ke kasuwa sun haura inci 6. A 2013 wani mai bincike, Steven Hoober, ya bi tituna da filayen jirgin sama yana lura da yadda ake riƙe waya, ya tarar kashi 49 cikin ɗari na masu taɓa allo da hannu ɗaya suke yi. Uwa mai rungume da jariri ba ta da hannu na biyu da za ta ara. Haka ma wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, kuma shi ne ya fi damuna, don nasa ba na ɗan lokaci ba ne. Madannin da aka ajiye a kusurwar sama ta hagu ya yi wa waɗannan nisa. Shi ya sa Samsung, da ta fito da One UI, sabon fasalin manhajar wayoyinta, a ƙarshen 2018, ta mayar da saman allo wurin kallo, ƙasansa wurin taɓawa.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta isa ba. A 2021 Apple ta sauko da gurbin adireshi na Safari, manhajarta ta shiga intanet, zuwa ƙasa a iOS 15, ta sa shi yana shawagi a kan shafi, ta kuma cusa madannai da yawa cikin maɓalli ɗaya. Masu gwajin manhajar suka yi caa: gurbin yana rufe abin da ke ƙasan shafuka, abin da ake yi da taɓawa ɗaya ya koma biyu. Kafin fitowar manhajar a Satumba, kamfanin ya gyara fasalin, ya kuma ba da zaɓin mayar da gurbin sama. A ganina darasin na masu ƙera manhaja ne: a sauko da abu ƙasa, amma a bar wa mutum ƙofar komawa.

To, kai mai waya, fara da saitinka. A iPhone, shiga Accessibility, sannan Touch, ka kunna Reachability; da ka shafa gefen ƙasan allo zuwa ƙasa, samansa zai sauko inda yatsa zai same shi. Tun 2014 abin yake nan, amma da yawa ba su san da shi ba. A Android, rubuta One-handed a gurbin binciken saiti, don kowane kamfani da inda yake ɓoye shi. Idan rubutu ne ke wahalar da kai a allon rubutu na Gboard, danne waƙafi na ɗan lokaci, ka ja yatsa zuwa alamar hannu, allon rubutun zai matso gefe guda. Manhajojin da ka fi buɗewa kuma ka jera su a layukan ƙasa.

Ka ba sabon fasali mako guda ko biyu, domin wani haushin na rashin sabo ne kawai. Idan ya wuce haka yatsa na ci gaba da wahala, ka rubuta ƙorafi a Play Store ko App Store. "Kun ɓata manhajar" ba ya gyara komai. Faɗi samfurin wayarka, da hannun da kake riƙe ta da shi, da madannin da ba ka kai wa, da yawan taɓawar da aikin ke ci yanzu idan aka kwatanta da da.